Me binciken ƙwaƙwalwa ya tsinana wa mai rawar hannu a Aboabo?

Fuseini Tech: Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau a aji malaminmu ya ba mu labarin wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Mahlon DeLong, wanda ya rasu a watan Mayun 2024. Tun da na fito abin ke yi mini yawo a kai. Mutumin nan ya ƙarar da rayuwarsa kan tambaya guda: yaya ƙwaƙwalwa ke ba jiki izinin motsi, kuma me ke lalacewa idan mutum ya kama makyarkyata ko jikinsa ya sandare? Lokacin da ya shiga ɗakin bincike a ƙarshen shekarun 1960, abokan aikinsa sun riga sun rabe sassan ƙwaƙwalwa da kowa ke so, shi aka bar masa wasu curarruka can gindin ƙwaƙwalwa da ba a san takamaiman aikinsu ba. Ragowar nan da aka bar masa ita ta kai shi ga babbar lambar yabo ta binciken likitanci, Lasker, a 2014.

Sulley Pragya: Ɗan Tech, ko koko ba mu sha ba ka buɗe mana lacca 😂

Alhaji Tanko: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a karatu, ɗana. Amma tambaya gare ni. An ba shi lambar yabo, madalla. Mu nan unguwar Aboabo a Kumasi me ya tsinana mana? Tun ina yaro nake ganin tsofaffi masu rawar hannu a ƙofar masallaci, yau ga furfura a kaina ban daina ganinsu ba. Ban ga wanda Baturen nan ya warkar ba.

Fuseini Tech: Baba Alhaji, ka ɗan ba ni dama. A 1982 a Kalifoniya aka kai wasu matasa 'yan ƙwaya asibiti, jikinsu ya ƙage, ba magana ba motsi, kamar waɗanda suka daɗe da cutar Parkinson, mai sa rawar hannu da sandarewar jiki. Wani likita, William Langston, ya gano cewa hodar da suka yi allura da ita ta gurɓace da wani sinadari mai suna MPTP, wanda ke kashe ainihin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da cutar ke kashewa. Su dai masifa ta same su, amma daga nan masu bincike suka sami hanyar sa wa birai cutar don a nazarce ta. DeLong da mutanensa suka riƙa zura siraran wayoyi cikin ƙwaƙwalwar biran suna sauraren ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Mutum zai zaci za a tarar ko'ina ya yi tsit tunda jiki ba ya motsi. Ashe wani ɗan curi da bai kai ƙwayar wake ba, wanda suke kira STN, aiki yake yi fiye da ƙima. A 1990 shi da Hagai Bergman da Thomas Wichmann suka lalata ɗan curin da gangan, sai ga biran da suka sandare sun miƙe suna motsi.

Sulley Pragya: Tsaya in gane. Wato ba inji ne ya mutu ba, birki ne ya kama?

Fuseini Tech: Wallahi Sulley ka fi malaminmu iya bayani. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, dofamin, shi ke sassauta birkin. Idan ƙwayoyin da ke yin sa suka mutu, sai birki ya riƙe gam.

Alhaji Tanko: Birai sun ji daɗinsu. Mutane fa?

Dokta Zenabu: Baba Alhaji ina kwana. Bari in karɓi ƙanena a nan. Akwai wani likitan tiyata a garin Grenoble na Faransa, Alim-Louis Benabid, mahaifinsa ɗan Aljeriya ne. A 1987 yana yi wa wani mai rawar hannu aiki, majiyyacin na farke, yana gwada wuri da ɗan lantarki kafin ya ƙona shi kamar yadda ake yi a lokacin. Da ya ƙara saurin bugun lantarkin ya kai wajen sau 100 a daƙiƙa, rawar ta tsaya cak. Ya kashe, ta dawo. Ya ga ashe ba sai an ƙona komai ba. Bayan aikin su DeLong ya fito, a 1993 ya kai wayar cikin ɗan curin nan na STN a jikin ɗan Adam. Yau ana dasa waya a ƙwaƙwalwa, a sa batir ƙarƙashin fatar ƙirji, kuma an yi wa mutum fiye da 100,000 a duniya. Shi ya sa shi da DeLong suka raba lambar yabon. Amma ba warkewa ba ce, sauƙi ne, kuma ba kowane majiyyaci ya dace da ita ba.

Alhaji Tanko: Nawa ne kuɗin aikin, 'yata?

Dokta Zenabu: Dala dubu gomomi ne, Baba. Ga canjin batir in ya ƙare, ga likitan da zai riƙa saita na'urar.

Alhaji Tanko: To kin gani. Mutumin da kuɗin kati ke gagara. Ni magana ta ƙare a wajena.

Rukaya: Don Allah kada ta ƙare, ni wannan maganar a cikin gidanmu take. Kun san Babanmu tela ne, shekara fiye da 30 yana kan keke. Abin da muka fara lura da shi, zare ya daina shiga masa allura. Muka ce ido ne, aka yi masa tabarau. Sai littafin da yake rubuta awon mutane, rubutun ya riƙa ƙanƙancewa, layi ya fara da girma ya ƙare kamar sawun tururuwa. In yana zaune hannunsa na dama sai ya riƙa murza babban yatsa kamar mai jan tasbaha alhali babu tasbaha. Da ya miƙa hannu zai ɗauki kofi sai rawar ta lafa. Fuskarsa ta daina murmushi, masu kawo ɗinki suka ce girman kai ya fara. Dangi kuma suka ce jifa ne, wai wani abokin sana'a ne ya yi masa don ya kwashe masa mutane. Ba rubutun da bai sha ba, ba hayaƙin da bai shaƙa ba, har rago aka yanka. Mun je wani ƙaramin asibiti, aka auna jini aka ce tsufa ne da hawan jini, mu je gida. Shekara uku muna haka. Ranar da muka samu ganin likitan jijiya, ko allura bai yi masa ba. Ya ce ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo, ya ce ya riƙa haɗa yatsu biyu da sauri, ya lanƙwasa masa hannu, ya ce Parkinson ce. Ya rubuta lebodofa, maganin da ke cike gurbin dofamin. Kafin wata ya cika Baba da kansa yake sa maɓallin rigarsa. Na shiga ɗaki na yi kuka ranar.

Hajiya Mariama: Allah sarki Malam tela. Shi ya ɗinka mini kayan auren Ayisha. Allah ya ba shi lafiya, ya saka muku da alheri.

Rukaya: Amin Mma Hajiya. Ga inda matsalar take yanzu. Kawunmu da ke Italiya ya bugo ya ce an yi gaggawa. Wai a can an san maganin nan shekara biyar kawai yake aiki, daga nan sai ya sa mutum mutsu-mutsu da murɗe-murɗe, gara a adana shi sai ciwo ya yi tsanani. Tun daga ranar Mma ke raba ƙwayar biyu, wata rana ma ta ɓoye. Baba ya soma komawa gidan jiya. Dokta, gaskiya ne?

Malam Issah: Kafin likita ta amsa, in ce wani abu kan batun jifa tunda irinmu ake kai wa. Sihiri akwai shi, ba mai musu. Amma ba kowace rawar hannu ce jifa ba, kuma zargin maƙwabci ba da hujja ba zunubi ne mai zaman kansa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. A yi addu'a, a je asibiti. Malamin da ya karɓi rago bai ce a gwada likita ba, ya ji tsoron Allah.

Dokta Zenabu: Na gode Malam. Rukaya, ba laifin Kawu ba ne, abin da likitoci da yawa suka yi imani da shi ke nan shekara da shekaru, har tsoron maganin ya zama kamar al'ada. Kuma kin san inda aka samo ɗaya daga cikin manyan hujjojin da suka karya wannan tsoron? Nan Ghana. Tsakanin 2008 da 2012 likitocin Milan ta Italiya, su Roberto Cilia da Gianni Pezzoli, suka haɗa kai da namu, Albert Akpalu na asibitin Korle Bu a Accra da Fred Stephen Sarfo na nan Gee, wato asibitin Komfo Anokye, da wani asibiti a Sogakope. Suka bi majiyyata 91 na Ghana, suka kwatanta su da 'yan Italiya 2,282. Namu sai sun yi wajen shekara 4 da ciwon kafin su fara shan lebodofa, na Italiya kuwa wajen shekara biyu da rabi. Da maganar Kawu gaskiya ce, da namu sun fi jinkirin samun mutsu-mutsun tunda sun makara wajen farawa. Sai aka ga lokaci kusan ɗaya yake zuwa wa kowa idan aka ƙirga daga ranar da ciwon ya fara. Wato daɗewar cutar da yawan abin da ake sha a rana su ke kawo shi, ba yawan shekarun da aka yi ana sha ba. An buga wannan a mujallar Brain a 2014. Wanda ya ɓoye magani bai adana komai ba, shekarun da majiyyaci zai more ne kawai ya zubar. Ku koma wurin likitansa ku gaya masa an rage, kada ku ƙara ko ku rage da kanku.

Rukaya: Innalillahi. Wata huɗu ke nan fa.

Alhaji Tanko: Ku tsaya, ni wani abu na ji daban. An zo nan ne saboda a Turai ba za a sami wanda ya shekara huɗu ba magani ba. Wato rashinmu ne ya zama musu makaranta. Sun koyi darasi a jikin talakanmu, sun koma sun gyara yadda suke duba nasu. Mu kuma fa?

Fuseini Tech: Baba, maganarka da ciwo amma ba zan ce ƙarya ba ce. Sai dai ba wanda aka hana magani don a yi bincike, haka aka same su. Gidauniyar da ta ɗauki nauyin aikin ma ta riƙa ba majiyyatan magani kyauta. Kuma sunayen likitocinmu na kan takardar, ba 'yan rakiya ba ne. Ga shi yau amsar ta dawo Aboabo ta sami Yaya Rukaya.

Alhaji Tanko: Bayan shekara nawa? An buga a 2014, sai yau ta ji, shi ma don ka tashi da surutu da safe. Kyauta kuma ranar da mai bayarwa ya gaji fa?

Abdul Razak Mai Kemis: A nan ina bayan Alhaji. Ni ke tsaye a kanta, ni nake ganin fuskar mutane. Arvid Carlsson na Suwidin ya nuna aikin maganin nan a jikin zomaye tun 1957, George Cotzias ya nuna yadda za a ba mutane su sha a 1967. Maganin ya girme ni. Amma yau in darajar kuɗinmu sidi ta faɗi kuɗinsa ya tashi, wani lokaci in nema wajen masu sari a ce babu. Magani ne na kullum, sau uku ko fiye a rana, har ƙarshen rai. Na san wanda ke sayen na kwana goma, in ya ƙare ya zauna sai ɗansa ya turo kuɗi. Kuma yanke shi farat ɗaya haɗari ne, yana iya kwantar da mutum. Ni a wajena mai binciken da zai burge ni shi ne wanda zai sa ƙwayar nan ta wadata.

Dokta Zenabu: Su waɗancan likitocin na Milan sun yi tunanin haka, shi ya sa suka koma kan karara.

Hajiya Mariama: Wace karara? Mai ƙaiƙayin nan da ke hana mu shiga gona?

Dokta Zenabu: Ita fa, Mma. Gashin kwanson ne ke ƙaiƙayi, 'ya'yan ciki kuwa akwai lebodofa a jikinsu, wajen kashi 4 zuwa 6 cikin 100. Sun gwada soya 'ya'yan, a ɓare, a niƙa, kuma sun ga garin yana aiki.

Sulley Pragya: Shi ke nan na bar tuƙi. Gobe ina daji, jibi ina kasuwar Kejetia da buhu. Garin karara, sidi biyar cokali!

Abdul Razak Mai Kemis: Sulley, irin wannan wasan ne ke kashe mutane, wani zai karanta ya ɗauka da gaske. Ƙwayar asibiti haɗe take da wani magani, kabidofa, mai tsare lebodofa kada jiki ya cinye shi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Karara ba ta da shi, sai an ninka yawanta sau da yawa, ga tashin zuciya da amai. A wani gwajin da aka ɗauki makonni ana yi, da yawa sun daina sha saboda cikinsu bai ɗauka ba. Ƙarfinta kuma ya danganta da iri da inda ta tsiro, cokalin yau ba shi ne na gobe ba. Dabara ce ta inda babu, a hannun likita. Wanda ke da ƙwaya kada ya bari ya koma gari.

Sulley Pragya: Na janye, Alhaji Kemis. Na koma kan pragyata, kekena mai ƙafa uku.

Alhaji Tanko: Wai ba ciwon Muhammad Ali ba ne wannan? Ina ɗan yaro ya zo Kumasi a 1964, gari ya tashi kamar ranar salla. Har takobin Okomfo Anokye da ke kafe a ƙasa ya je ya gwada cirewa, ta ƙi. Da na gan shi a talabijin a 1996 yana kunna wutar wasannin Olamfik a Atlanta hannu na rawa, sai da na kashe na fita waje.

Fuseini Tech: Baba, ka kawo kanka 😄 DeLong na cikin likitocin da suka duba Ali shekaru masu yawa a jami'ar Emory, a Atlanta ɗin. A 2022 shi da abokan aikinsa biyu suka rubuta cewa abin da suka gani a jikinsa Parkinson ce ta ainihi mai kama mutum da ƙuruciya, wadda ke jin lebodofa, ba dukan dambe kaɗai ba kamar yadda ake ta faɗa.

Alhaji Tanko: To ka ga. Ga kuɗi, ga babban likitan da kake yabo, kuma bai warke ba.

Dokta Zenabu: Bai warke ba, Baba, har yau ba mai warkar da ita. Amma an gano ciwon a 1984, ya rasu a 2016. Shekara 32 yana yawon duniya. Lokacin da James Parkinson ya bayyana cutar a Landan a 1817, da shekara 150 da suka biyo baya, ba a da maganin kirki, mutum sandarewa yake yi a gado.

Hajiya Mariama: Ni tambayata, gado ne? Don na ga Rukaya na da yara.

Fuseini Tech: Yawanci ba gado ba ne kai tsaye, Mma. Akwai dai ƙwayoyin halitta masu ƙara haɗari, kuma da kusan duk binciken a jikin Turawa aka yi. Sai a 2023 wani aiki da Farfesa Njideka Okubadejo ta jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar halittar GBA1 wanda ke ƙara haɗarin cutar ga masu asalin Afirka, wanda da wuya a gan shi a jikin Bature. Ƙarin haɗari ne, ba hukunci ba. Irin wannan aikin nake so in shiga in na gama.

Alhaji Tanko: Wannan na yarda da shi. In za ka yi, ka yi a nan, kada ka tafi ka bar mu da hoto.

Sista Ramatu: Yanzu na sauka daga aikin dare na tarar da saƙo kusan ɗari. Rukaya, bar su Alhaji da gardama, ga abin yi. Da me Baba ke karyawa?

Rukaya: Koko da ƙosai, ko waakye, wato shinkafa da wake, da ƙwai. Yana gamawa Mma ke ba shi maganin.

Sista Ramatu: To wake da ƙwai da nama suna gasa da maganin a hanji, ba ya shiga yadda ya kamata. A ba shi kamar rabin awa kafin abinci, da ruwa sosai. In yana shan maganin ƙarin jini a raba lokacinsu. A kula da bayan gida, ciwon na sa shi taurin ciki, taurin ciki kuma na jinkirta magani. Kada ku ce ya kwanta ya huta, tafiya kullum magani ce. Ƙafarsa na manne wa ƙasa?

Rukaya: Sosai, musamman a bakin ƙofa. Ranar Juma'a a ƙofar masallaci ya tsaya cak, mutane na ta turo shi ta baya. Tun ranar ya ce a gida zai riƙa salla.

Sista Ramatu: Kada a ja shi, faɗuwa zai yi. Ki ja layuka a ƙasa da alli ko fenti, tazarar taki ɗaya, ki ce ya tsallaka. Ko ki sa ƙafarki a gabansa ya ƙetare, ko a ƙirga masa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Za ki sha mamaki.

Fuseini Tech: Dalilin kuwa yana cikin curarrukan nan da aka bar wa DeLong. Su ke tafiyar da motsin da muka saba yi ba tunani, kamar taku. In mutum ya ga layi ya yi niyyar tsallakawa, sai saƙon ya bi wata hanya ya kewaye inda birki ya kama. Baba Alhaji, wannan dai kuɗin alli ne kawai.

Alhaji Tanko: Allin Sista ne, ba na Baturenka ba. Ina nan kan bakata. Amma Malam Issah, ka yi wa liman magana a bar wa Malam tela kujera kusa da ƙofar gefe, inda ba cunkoso.

Malam Issah: An gama, in sha Allah. Salla a zaune ma ta halatta gare shi in tsayuwa ta yi wuya.

Sulley Pragya: Akwai ragowar farin fenti a wajena. Yaya Rukaya, zan biyo bayan la'asar.

Rukaya: Allah ya saka wa kowa. Saura Mma. Na karanta mata duk abin da aka rubuta, ta ce ita ba ta san Milan ba, ƙaninta ta sani. Dokta, ko za ki yi mata saƙon murya da Hausa? In ta ji daga bakin likita wataƙila ta saki ƙwayoyin.

Dokta Zenabu: Zan yi in na fito daga ɗakin marasa lafiya. Amma ku koma wurin likitansa cikin makon nan, shi zai tsara yadda za a mayar da adadin. Da wane suna zan kira ta?

Rukaya: Ki ce Mma Adiza. Kuma don Allah kada ki ce Kawu ya yi kuskure, ki ce an samu sabon bayani ne bayan tafiyarsa.